GANI YA KORI JI: GUDUMMAWAR ƊALIBIN HAUSA WAJEN ADANA TSOFAFFIN GINE-GINEN JOS A INTANET

1.0 Gabatarwa

Mahaifiyata ta yi shekaru tana sayar da atamfa a Babbar Kasuwar Jos da ke Taminus, kafin gobarar watan Fabrairun 2002 ta cinye kasuwar. Ni ban taɓa ganinta a tsaye ba, kangonta kawai na taso na tarar. Kullum Mama takan ba mu labarin girmanta da matakalanta da yadda baƙo kan ɓace a cikinta. Wata rana na ce ta nuna mini hoto. Ta bincike akwatinta kaf, abin da ta samo shi ne hoto guda nata tana zaune, rabin ƙofar shago a bayanta. Kasuwar da ta ciyar da gidanmu ke nan, ba mu da abin nunawa.

Wannan ne ya sa na shiga sahun 'yan sa-kai masu ɗaukar hotunan tsofaffin gine-gine suna sakawa a intanet. Muƙalar nan za ta yi bayanin yadda aikin yake, da inda ya samo asali, da matakan yin sa, sannan ta nuna gurbin da ke jiran ɗalibin Hausa a ciki. Tun da farko in sanar da mai karatu cewa ni Birom ce, a unguwa da makaranta na koyi Hausa. Idan an ga tuntuɓen alƙalami, sai a yi mini gyara.

2.0 Asalin Aikin

A shekarar 2004 aka buɗe Wikimedia Commons, wato rumbun hotuna da sauti wanda Wikipedia ta kowane harshe take ɗiba daga ciki, har da ta Hausa. Kowa yana iya saka hoton da ya ɗauka da hannunsa, muddin ya amince wasu su yi amfani da shi kyauta, su kuma su ambaci sunansa.

A shekarar 2010 wasu 'yan sa-kai a ƙasar Holan suka shirya gasar ɗaukar hotunan gine-ginen tarihi, suka sa mata suna Wiki Loves Monuments. Da shekara ta zagayo gasar ta bazu zuwa ƙasashen Turai da dama, aka tara hotuna fiye da 160,000, har ta shiga kundin bajinta na Guinness a matsayin gasar hoto mafi girma. Galibi a watan Satumba ake yin ta, kuma Najeriya ta sha shiga.

Tsarin ba shi da wuya. Ana samo jerin gine-ginen da hukuma ta amince na tarihi ne, sai 'yan sa-kai su bi jerin ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ɗauki hoto, wani ya rubuta bayani, wani ya sa wurin a taswira, wani kuma ya bi baya yana gyara kurakurai. Ba a biyan kowa albashi, kuma yawancinsu ba su taɓa ganin fuskar juna ba. A ƙasarmu Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke riƙe da wannan jeri. A cikinsa akwai Hasumiyar Gobarau ta Katsina, da Gidan Makama na Kano, da kuma tsofaffin gadojin dutse na Batura da Forof da Tading a yankin Bokkos, nan jihar Filato.

3.0 Me Ya Sa Jos?

Mai karatu zai iya cewa, ai Jos garin jiya ne, haƙar kuza ce ta raya shi a farkon ƙarni na 20, ina shi ina tsofaffin gine-gine? Amsar tana Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952 bisa ƙoƙarin Bernard Fagg, Baturen da ya yi fice wajen binciken gumakan Nok.

A harabar wannan gida akwai wani sashe na musamman, wato Gidan Tarihin Gine-ginen Gargajiya na Najeriya. Wani masanin zanen gini ɗan ƙasar Folan mai suna Zbigniew Dmochowski ne ya jagoranci kafa shi. Tun daga 1958 ya riƙa zagaya ƙasar nan tare da matasa 'yan Najeriya, suna auna fadoji da masallatai da gidajen talakawa, suna zana su a takarda. Daga baya aka ɗauko magina na gargajiya suka gina kwatankwacin wasu daga cikinsu a Jos da ƙasa da azara, da girmansu na ainihi. Cikinsu akwai ɓangaren ganuwar Kano, da ɓangaren fadar Katsina, da Masallacin Juma'a na Zariya. Dmochowski ya rasu a 1982, aka buga littafinsa mai juzu'i uku a 1990.

Masallacin Zariya ya isa misali. Babban Gwani Malam Mika'ilu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma masana suna lissafa shi cikin ƙololuwar fasahar ginin Hausa. Ranar 11 ga Agusta, 2023, wani ɓangare nasa ya rufta ana cikin salla, aka yi asarar rayuka. Tun daga ranar, awon da waɗancan matasa suka yi da kwatankwacin da ke Jos suka ƙara daraja. Sai dai shi ma na Jos da ƙasa aka yi shi, ga damina mai ƙarfi a kan tsaunin Filato. Ginin ƙasa kuwa kamar jariri yake, kullum yana son hannu.

Ban da wannan, garin yana da nasa na kansa: tsohuwar tashar jirgin ƙasa, da gidajen ma'aikatan kamfanonin kuza, da tsofaffin majami'u da masallatai, da zaurukan Gangare da Dilimi. Wasu gobara ta ci, wasu rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suka tafi da su, wasu kuma magada ne suka rushe suka kafa shaguna.

4.0 Ranar Da Hausata Ta Ƙare

A hutun ƙarshen zango na koma gida, muka haɗu mu biyar muka nufi gidan tarihi da wayoyinmu. Da muka shiga kwatankwacin masallacin Zariya na ɗaga kai sama, sai na tsaya cak. Na ɗauki hotuna sun kai talatin. Da dare na zauna zan rubuta bayani a ƙarƙashinsu, abin da ya fito daga kaina shi ne: "Cikin ɗaki." Na san bulo, na san kwano da siminti da silin, amma abin da na gani a sama ban san sunansa ba. Ga ni kuwa a aji uku a fannin Hausa!

Ɗaya daga cikinmu ya ce kakansa tsohon magini ne, Bakano, yana zaune a Gangare. Washegari ya kai ni. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa wayar.

Ya duba ya yi murmushi, ya ce, "'Yata, wannan ai bakan gizo ne. Inda suka gitta juna suka ɗauki rufin kuwa, ɗaurin guga ke nan. Ba a koya muku a makarantar ba?"

Na ce, "Baba, an koya mana waƙa da nahawu, ba mu kai kan gini ba tukuna."

Ya ce, "To ɗauko takardarki."

Ga kaɗan daga abin da na rubuta a zaurensa:

Tubali: curin ƙasa da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, gindinsa da faɗi, kansa da tsini. Ana jera shi kan yana duban sama.

Azara: itacen giginya da aka tsaga. Gara ba ta cika cin ta ba, shi ya sa ake rufi da ita.

Bakan gizo: azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan ɗaki ya yi faɗi. Don haka sai a kafa ta a bango biyu masu fuskantar juna, a riƙa ɗaura wata a kan wata tana ɗan zarcewa, har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe su da ƙasa.

Tulluwa: rufin da ya yi tudu kamar an kifa ƙwarya.

Makuba: ɓawon ɗorawa da ake haɗawa a yi yaɓe da shi domin ruwa ya riƙa zamewa.

Laso: simintin gargajiya da ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara.

Zanko: tsinin da ake yi a kusurwar soro. Jam'insa zankwaye.

Indararo: mazurarin da ke fitar da ruwan sama daga kan soro nesa da bango.

Da na koma na sake duba hotunan nan talatin, sai na ga kamar ranar na fara ganinsu. A rumbun Commons kuma na lura da cewa hotunan ginin Hausa da yawa da Turanci kaɗai aka yi bayaninsu, kalma ɗaya ta Turanci takan haɗiye bakan gizo da ɗaurin guga baki ɗaya. Mai kyamara zai iya adana siffar gini, amma sunayen sassansa suna bakin dattawa irin Baba, kuma kullum raguwa suke yi. Wannan shi ne gurbinmu.

5.0 Matakan Aikin

Ga wanda yake son gwadawa, ga yadda muke yi:

(a) Yin jeri. A rubuta gine-ginen da za a ziyarta, a duba rumbun a ga wanne ne ba shi da hoto, domin kada a tara ɗari a kan gini guda a bar saura.

(b) Neman izini. A gidan tarihi a tambayi ma'aikata ƙa'idar ɗaukar hoto. A unguwa a fara da mai unguwa da mai gida. A masallaci ko majami'a a nemi shugabannin wurin. Kada a ɗauki fuskar mutum ko cikin gida ba da yardar masu shi ba. A Jos wannan mataki ya fi kowanne nauyi. Akwai unguwar da ni ba zan shiga ina ɗaga waya ni kaɗai ba, akwai kuma wadda abokan aikina ba za su shiga ba sai da ni. Saboda haka muke tafiya a gauraye, ɗan unguwa a gaba.

(c) Ɗaukar hoto. Da safe ko da la'asar ya fi, domin a lokacin inuwa take fito da zanen bango irin su dagi. A ɗauki ginin ta kowace fuska, sannan a matso a ɗauki sassansa ɗaya-ɗaya. Kada a ɓoye tsaga ko zaizaya, ita ma shaida ce ga mai gyara.

(d) Tambayar suna. A tambayi mutum biyu ko uku, a rubuta yadda suka faɗa, sannan a duba ƙamus. Mu mun yi amfani da na Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

(e) Sakawa. A rubuta sunan gini, da garin da yake, da ranar da aka ɗauki hoton, da bayani cikin Hausa mai kiyaye ƙa'idar rubutu. A sa ƙugiya inda take, kada ƙofa ta koma kofa. Hoton da mutum ya ɗauka da kansa kaɗai zai saka, ban da wanda ya tsinta a WhatsApp ko Facebook.

(f) Rubuta muƙala. Wikipedia tana buƙatar madogara da aka buga. Don haka abin da aka ji a zaure yakan shiga bayanin hoto, tarihin gini kuwa sai an nemo shi a littafi.

6.0 Kuskuren Da Na Tafka

Hotona na farko da na yi alfahari da shi na sa masa suna "Ganuwar Kano". Bayan kwana biyu wani ɗan sa-kai da ban sani ba ya bar mini saƙo cikin ladabi. Ya ce shi haifaffen Kano ne, kuma duwatsun da ke bayan ganuwar nan ba na Kano ba ne. Gaskiyarsa. Ganuwar Kano ta ainihi, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara ginawa a tsakanin 1095 da 1134, tana Kano. Abin da na ɗauka kwatankwacinta ne na Jos. Da an bar shi haka, wani ɗalibi zai iya ɗauka ya sa a kundin digirinsa, kuskurena ya haihu.

Na ji kunya, na gyara sunan ya koma "Kwatankwacin ganuwar Kano a Gidan Tarihi na Jos". Daga baya shi wannan bawan Allah ya saka hoton ta ainihin, aka jera su wuri guda. Yanzu mai nazari zai iya kwatanta su ba tare da ya biya kuɗin mota ba. Dama Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

7.0 Kammalawa

Wannan muƙala ta kawo asalin aikin, da dalilin da ya sa Jos ta cancanci a fara da ita, da matakan da ake bi. Hoto ba ya hana bango faɗuwa, wannan aikin magina ne da hukuma da masu gida. Amma ranar da aka tashi gyara ko sake ginawa, hoto mai kwanan wata da suna na gaskiya shi za a nema.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu neman batun kundin kammala digiri, kowa idan ya je hutu ya zaɓi gini ɗaya a garinsu, ya nemi tsohon magini ɗaya, ya dawo mana da hoto goma da kalma goma. Ina kuma roƙon Ƙungiyar Hausa ta sashenmu ta ware rana guda a Makon Hausa domin mu zauna mu saka su tare, malamanmu su duba mana rubutun.

Da na nuna wa Mama hotunan, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in je in ɗauko mata kangon kasuwa tun yana nan. Shi ne na farko a jerina na hutu mai zuwa. A nan zan dasa aya.