Satin Suna: Wa Ke Duba Mai Jego Da Jaririnta?

Aikina karɓar haihuwa ne a asibitin gwamnati, kuma lokacin da ya fi tsaya mini a rai a wannan aiki shi ne na sallama. Matar da ta sauka lafiya ba ta daɗewa a wurinmu. Ƙa'ida ta ce a riƙe ta aƙalla awa 24 ana lura da ita, amma gado ya yi kaɗan, dangi kuma kan fara roƙon sallama tun ba ta gama hutawa ba. Tana fita ƙofa ta bar idonmu, ta koma hannun iyaye mata: mahaifiyarta in wankan gida za ta, ko uwar miji, ko gwaggo, ko wata dattijuwa da aka ɗauko musamman don wanka. Domin su nake wannan rubutu, da kuma mazajen da ke sayen itace da ragon suna.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa cikin jariran da ke rasuwa kafin su cika kwana 28, kusan uku cikin huɗu a satin farko suke tafiya. Uwa ma a kwanakin nan ne jini da hawan jini da zazzaɓin haihuwa suka fi kawo mata farmaki. Wannan satin kuwa shi ne satin da gida ya fi kowane lokaci hidima. Ana zancen ɗinkin fitar suna, ana neman mai lalle da mai kitso, ana lissafin kayan barka, ana aiken goro. Mai jego tana zaune a bakin gado tun hantsi tana amsa "barka da arziki", alhali daren jiya ba ta samu barcin awa biyu a jere ba, domin sabon jariri yakan nemi nono sau 8 zuwa 12 a kwana guda, kuma bai san dare da rana ba. Nono ya cika yana zogi, ɗinki yana ja, mara tana murɗawa duk sa'ad da yaron ya kama tsotso. In haihuwar fari ce, ga kunya a kai: ba za ta ɗauki ɗan a gaban surukai ba, balle ta buɗe baki ta ce wuri kaza yana yi mata ciwo. Mutum talatin za su shiga ɗakin a yini guda, kowa ya karɓi jariri ya ce tubarkalla, ba wanda ya tambayi uwar yadda jininta yake.

Ba na cikin masu kushe jego. Al'adar da ta ɗauke wa mace girki da wanki da daka har kwana arba'in, ta ajiye mata babbar mace a kusa, ta ba ta nama da romo da tuwo mai zafi, al'ada ce da ta san darajar haihuwa. Na ga bambanci da idona tsakanin wadda ta samu wannan gata da wadda ta koma ɗakin haya ita kaɗai, miji ya fita nema tun asuba. Abin da nake roƙo shi ne a ƙara wa jegon ido. Matar da ke yin wankan nan safe da yamma ita kaɗai ce ke ganin jikin mai jego gaba ɗaya. Ita ke ganin ƙyallen da aka cire, ita ke jin warinsa, ita ke ganin ƙafa in ta kumbura. Babu likitan da ke da wannan damar.

Iya, ga abin da za ki duba. Jinin biƙi yakan fara ja da ɗan yawa, ya riƙa raguwa yana dusashewa a hankali. In kika ga ta jiƙa audugar mata sharkaf cikin awa guda, ko guda-guda manya suna fita, ko jinin da ya ja baya ya dawo da ƙarfi, ko tana ganin jiri in ta miƙe, wannan ba dattin ciki ba ne da za a ce gara ya fita. Wataƙila wani ɓangare na mabiyiya ya maƙale, ko mahaifa ta ƙi tsukewa, kuma jini na iya ƙarar da mace cikin awoyi kaɗan. In jinin yana ɗoyi, ga zazzaɓi da ciwon mara, ƙwayar cuta ta shiga. In kuwa ta ce kanta yana sarawa, tana ganin dishi-dishi, fuska ta kumbura, a nemi inda za a auna jininta a ranar, domin jijjiga tana iya zuwa bayan haihuwa ko da an sauka lafiya. Mutane da yawa sun ɗauka da zarar ciki ya rabu da mace hawan jinin ciki ya ƙare. Yakan bi ta har makonni bayan haka.

Akwai wani ciwo da ya kamata kowane gidan Bahaushe ya san da shi, domin ƙasarmu tana cikin inda ya fi yawa a duniya: gazawar zuciya bayan haihuwa. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta yadda masu jego ke zuwa da kumburi da haki, suka danganta abin da yawan kunun kanwa, da wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Kanwa tana ɗauke da irin sinadarin da ke cikin gishiri, tana sa jiki ya riƙe ruwa, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta ya nuna akwai wasu dalilai masu ƙarfi, kamar rama da ƙarancin abinci mai gina jiki, da hawan jinin ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Ke nan ba duk laifin ke kan tukunyar wanka ba. Duk da haka, macen da aka ce tana da hawan jini lokacin awo ba ta da wani dalilin shan kanwa kullum, kuma ruwan da ke tashin fata ba ya ƙara wa kowa lafiya. A sirka shi har hannu ya iya zama a ciki. Wadda aka yi wa aiki kuma kada a watsa mata ruwa da ganye a kan ɗinkin.

Sau da yawa in aka kawo irin wannan mace, nakan tambayi wadda ta rako ta: "Iya, tun yaushe take wannan haki?" Sai ta ce, "Malama, ai ya kai sati biyu, mun ɗauka nauyin jego ne." Mai jegon da ba ta iya kwanciya sai ta jingina da filo biyu ko uku, wadda tari ke tashinta da dare, wadda tafiya daga ɗaki zuwa banɗaki ke sa ta haki, ƙafafu sun kumbura har yatsa na lotsawa, zuciyarta ce ke neman taimako. Akwai magani, kuma da yawa suna warkewa in an zo da wuri.

Sai jariri. Nonon farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa, wanda muke kira dakashi, har yau akwai gidajen da ake matse shi a zubar, a ce sai nono ya wanku. A cikinsa kariyar farko take, wadda ke tsare hanjin yaro daga gudawa da sauran cututtuka. Kaɗan ne, amma cikin jariri a ranar farko ba ya ɗaukar fiye da cokalin shayi ɗaya ko biyu a kowane tsotso. A sa shi a nono cikin awar farko, a ci gaba da sa shi. Yawan tsotson yana taimaka wa ruwan nono ya zo sosai a rana ta uku ko ta huɗu. Zancen da na fi sha a bakin kakanni shi ne, "Da wannan zafin za a hana yaro ruwa? Ai alhaki ne." Na san tausayi ne ke sa su faɗi haka. Amma fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma ruwan da aka ɗura da cokali yana cike gurbin nono, yana iya shigar da cuta. Wata shida nono zalla. Uwar ce za ta sha ruwa sosai, kuma in an kawo zamzam ko rubutu don albarka, ita ta sha. Ɗan dabinon da ake shafawa a ganɗa daban yake da ɗura. Zuma kuwa ba a ba yaro sai ya shekara. Mai son sanin ko nono yana isa ya duba fitsari: daga rana ta biyar, jariri mai ƙoshi yakan jiƙa tsumma sau shida ko fiye a kwana.

Cibiya ba ta bukatar gashi da tsumma mai zafi, ko toka, ko man goge baki, ko man zafi. Ta wannan ƙofar tetanas ke shiga, mai sandarar da jiki ya sarƙe muƙamuƙi. A wanke hannu, a shafa man cibiya na kilohekzidin da ake bayarwa a asibiti sau ɗaya a rana, a kiyaye kada ya kusanci ido, a bar wurin ya sha iska. Za ta faɗi da kanta cikin sati ɗaya zuwa biyu.

Ciwon shawara ne ya fi ba ni takaici, saboda ɗakin mai jego yakan kasance da duhu, jariri a naɗe cikin shawul da hula, ba mai ganin launinsa sai ranar suna da aka fito da shi aski. Kowace safiya a kai shi bakin ƙofa inda haske yake, a duba farin idonsa da dasashinsa, a danna goshi ko kan hanci a ga launin da ya bayyana. In rawaya ta fito tun ranar farko, ko ta sauka har tafin hannu da tafin ƙafa, ko yaro ya yi laushi ya ƙi tsotso, a tafi asibiti a ranar. Shanya shi a hantsi da ba shi ruwan gulukos ko maganin ɗigawa daga kemis ba sa sauke shawara mai ƙarfi. Akwai fitila mai shuɗin haske da ake sa jariri a ƙarƙashinta, wani lokaci har sai an canza masa jini. In aka makara, abin yakan taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi kurma ko ya kasa zama da tafiya har abada. A kuma raba kayan jariri da kafur ɗin da ake jefawa cikin akwati, kada a sa masa lalle. Akwai yaran da jininsu ba ya jure su, musamman maza.

Cire beli da tsagar wanzami a jikin ɗan kwana uku ko bakwai suna jawo zubar jini da shigar cuta, kuma belin nan ba ya hana yaro shan nono. Jaririn da ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri haƙarƙari na faɗawa, ko ya yi taune-taune, ba a kwana da shi a gida. Da hunturu a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata a lulluɓe su, ya fi a rufe ɗaki da kaskon garwashi. In zai yi barci a kwantar da shi rigingine, cikin gidan sauro.

Akwai kuma abin da ba a gani a wurin wanka. Mata da yawa kan yi kuka ba dalili a rana ta uku zuwa ta biyar, ya wuce da kansa kafin sati biyu. Wanda ya zarce haka, mace ta daina cin abinci, ta kasa barci ko da yaro ya yi barci, ta ji ba ta ƙaunar ɗaukarsa, ko ta fara cewa gara ta mutu, wannan ciwo ne na damuwa bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fuskantar larurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi irin wannan damuwar. A gida sai a ce rashin godiyar Allah ne, ko a ce iska ce ta taɓa ta. A yi mata addu'a, a kuma kai ta ta ga likita. Ɗaya ba ya hana ɗaya. In ta fara sambatu ko ganin abin da babu, kada a bar ta ita kaɗai da jariri, a tafi da ita nan take.

Maigida, kai ke da izinin fita kuma kai ke da kuɗin mota. Mata da yawa sun kwana suna zubar da jini saboda ana jiran ka dawo daga kasuwa a tambaye ka. Ka ba da izini tun yanzu, a gaban mahaifiyarka da tata, cewa duk sa'ad da aka ga ɗaya daga cikin alamun nan a tafi, a kira ka a hanya. Kafin ka biya kuɗin rago, ka ware na mota da na magani, ka san mai Keke Napep ko mai motar da zai ɗauki waya da tsakar dare. Ka shiga ɗakin ka tambaye ta jikinta da bakinka, ka kuma sa a rage mata 'yan barka da rana don ta rama barci.

Zaman arba'in bai hana zuwa asibiti ba. Ana son a duba uwa da ɗa a rana ta uku, a sake dubawa tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida, inda za a yi zancen tazarar haihuwa, yaro kuma ya karɓi rigakafinsa na gaba, sai na mako 10 da na 14. Wanda aka haifa a gida a kai shi tun ranar farko ya karɓi allurar BCG da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna, kyauta ne a asibitocin gwamnati. Iyayenmu masu wanka, ku riƙe mana ido a kwanakin nan bakwai, kuma duk abin da ya ɗaure muku kai ku kawo mana shi a ranar, kada ku bari sai an watse daga suna.