Sabuwar Waya, Tsohon Layi

Mun san dokar makaranta ta hana zuwa da waya, don haka kada wanda ya ce mun ba shi izini. Darasin wannan mako na gida ne, kuma ya fi shafar 'yan aji shida masu shirin JAMB.

Abin da ya jawo maganar shi ne wani ɗan uwanmu da aka saya wa babbar waya a hutun da ya wuce. Mai shagon ya ce masa tsohon sim ɗinsa ba zai shiga ba, ya haɗa shi da sabon layi mai garaɓasar data. Tsohon kuwa aka bar shi a cikin ƙaramar wayar, aka miƙa wa ƙane, ƙane ya ɓatar. Sai da aka zo duba sakamako ya tuna da wancan layin ya yi rajistar JAMB.

Mu fara da abin da mutane da yawa ke ruɗewa a kai. Lambarka, da kuɗin katin da ka loda, da ragowar datarka, da tsarin kiran da kake kai, babu ko ɗaya da ke zaune a cikin waya. Suna rubuce a kwamfutocin kamfanin layi, sim kuma shi ne mabuɗin da ke shaida wa kamfanin cewa kai ne. Waya gida ce kawai, sim ɗin ɗan haya ne. In ka zare shi ka sa a wata wayar, da kayansa yake tashi. Saboda haka sauya waya ba ya tilasta wa kowa sauya lamba ko tsari. Wanda ya ce maka dole ne, ka tambaye shi me yake sayarwa.

Matsala ta gaskiya guda biyu ce. Ta farko girman sim. Iri uku ne a hannun mutane: babba mai tsawon milimita 25, matsakaici mai 15, da ƙarami mai 12.3 wanda ake kira nano. Wannan ƙaramin ya fito a 2012, kuma shi yawancin wayoyin yanzu ke ɗauka. Masu gyaran waya kan yanke babba da ɗan injinsu ya koma ƙarami. Wani lokaci a dace, wani lokaci a taɓa ƙarfen da ke jiki sim ya mutu. Ta biyu kuma shekarun sim ɗin. Wanda aka yi tun zamanin 2G da 3G, ko an yanke shi daidai, ba lallai ya kama 4G ba, sai ka ga sabuwar waya tana tafiyar hawainiya kana zagin sabis.

Maganin duka biyun ɗaya ne. A je ofishin kamfanin layin a ce ana son musanya sim a kan lambar da ake da ita. Za su ba da sabon kati, su kashe tsohon, lamba da kuɗi da tsari su biyo. Sai dai a nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Tun ƙarshen 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma galibi wanda sunansa ke kan layin shi ne zai je da kansa. Yawancin layukan da ke hannunmu da sunan Baba ko Mama ko wani yaya aka yi musu rajista. In yayan yana Legas, sai a jira shi. Gara ka bincika tun yau da sunan wa layinka yake, kafin ranar da za ka buƙaci sani.

Me ya sa muke nacewa a kan tsohuwar lamba? Domin ɗalibi kan tura NIN ɗinsa zuwa 55019 ko 66019 ya samu lambar buɗe rajistar JAMB, kuma daga nan layin da ya tura da shi ya manne da bayanansa. Banki ma ta layin yake turo lambar sirri. WhatsApp da lambar yake gane ka. Layin da aka jefar a durowa ya yi watanni da yawa ba kira ba loda kati, kamfani na iya rufe shi, daga baya ya sayar wa wani. Wannan baƙon shi zai riƙa karɓar saƙonnin da aka aiko maka.

Sai batun tsari. Kamfanoni kan fito da sababbin tsare-tsare su daina shigar da mutane wasu tsofaffin. In ka fita daga irin wannan, mai yiwuwa ƙofa ta rufe a bayanka. Tun da hukumar NCC ta amince a ƙara farashin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, lissafin nan ya ƙara nauyi. Mu a ganinmu, kada a sauya tsari ranar da aka sayi waya, lokacin da murna ta rufe ido. A yi wata guda a kan tsohon, a ga nawa ake kashewa a kira nawa a data, sannan a yanke shawara. Garaɓasar sabon layi takan ƙare bayan ɗan lokaci, farashin minti kuwa yana nan.

Za ku ji ana cewa sabuwar waya ta sa kamfani ya fara zuƙe data. Sau da yawa wayar ce da kanta. Ranar farko takan sabunta manhajojinta, ta sauko da tsofaffin hotuna da hirarrakin WhatsApp, kuma sabunta babbar manhajar waya kaɗai kan iya cin fiye da gigabait ɗaya. A shiga saiti a hana sabuntawa sai da Wi-Fi, a kunna tsimin data, a kuma hana bidiyon guruf sauka da kansa. Don duba kuɗi a danna *310#, don duba data *323#. Tun 2023 lambobin nan iri ɗaya ne a duk layukan Nijeriya.

Masu sayen ta hannu, musamman wadda aka shigo da ita daga waje, su sa sim ɗinsu a ciki su yi kira a gaban mai shago kafin su biya, don wasu a kulle suke da kamfanin ƙasar da suka fito. Kafin kuma a miƙa wa ƙane tsohuwar waya, a kwashe lambobin mutane da ke cikinta, a fita daga WhatsApp da manhajar banki, a zare sim ɗin da hannunka.