Darasin Lafiyar Iyali: Mu Riƙa Sauya Kwaɗo

'Yan'uwa, a yawancin gidajenmu idan aka ce kwaɗo, to zogale ne da ƙuli-ƙuli, yau da gobe. Abinci ne mai kyau, amma yara sukan gaji da shi. Idan kuma zogale ya yi wuya, sai kwaɗo ya ɓace daga gida ɗungum. A wannan darasi za mu koyi yadda za mu sami kwaɗo duk shekara daga gonarmu da lambunmu.

Me ya sa yake da muhimmanci?

Tuwo yana ba da ƙarfin aiki, amma shi kaɗai bai isa ya tsare jiki ba. Ganye masu duhun kore da karas suna ba jiki bitamin A. Rashinsa yana kawo dundumi, yana kuma sa ƙyanda da zawo su fi tsanani ga yaro. Ganye da wake suna da sinadarin da ke ƙara jini, wanda masu ciki suke bukata ƙwarai. A shekarar 2003 masana na Hukumar Lafiya ta Duniya sun ba da shawara kowane babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye, kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana.

Abubuwa huɗu da za mu haɗa

1. Ganye. Da damina muna da rama, tafasa, alayyafo da ganyen wake. Da rani akwai kabeji, latas da lansir daga fadama. Da bazara sai mu jiƙa busasshen zogale da muka shanya a inuwa, mu dafa.

2. Masu launi. Tumatir, karas, tattasai, albasa ko gurji. Mu sa aƙalla iri biyu.

3. Masu gina jiki. Ba dole sai ƙuli-ƙuli ba. Dafaffen wake, soyayyen riɗi da aka daka, ko dafaffen ƙwai duk suna yi.

4. Mai da tsami. Cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana taimakon jiki ya ɗauki bitamin A. Ruwan lemun tsami kuwa yana taimakonsa ya ɗauki abin ƙara jini.

Mu yi hattara

Abin da za a ci ɗanye, a wanke shi ganye-ganye da ruwa mai tsabta, irin wanda muke sha. Mu wanke hannu da sabulu kafin mu cuɗa. Kada ganye ya daɗe a wuta har ya lugwigwice. Gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar da ita, gubarta tana lalata hanta. Kada a sha shayi tare da kwaɗo, domin yana rage amfanin abin ƙara jinin. A rufe kwano saboda ƙuda, a kuma ci da wuri.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne ganye ne iyayenmu suke kwaɗantawa da mu muka bari?
2. A wane wata ne ganye ya fi wuya a ƙauyenmu, kuma me za mu shanya tun yanzu?
3. A gidanmu, wa yake fara samun kwaɗo, manya ko yara?

Aikin mako

Kowane gida ya yi kwaɗo iri uku dabam-dabam kafin taro na gaba, mu zo mu faɗa wa juna wanda yara suka fi so.