Darasi: Yadda Fasahar Wayar Hannu Ke Karya Farashin Na'urorin Jiragen Yaƙi

Sintiri a kan iyakar Bagudo da Jamhuriyar Benin, daga Tsamiya zuwa Lolo, yana buƙatar ido a sama. Sai dai idon akwai tsada. Jiragen Super Tucano 12 da suka iso Najeriya a 2021 sun ci kusan dala miliyan 500, haɗe da makamai da horo.

Rediyo da na'urorin hange na soja suna tsada ne saboda kaɗan ake ƙerawa. Kyamarar waya kuwa miliyoyi ake bugawa, shi ya sa take araha. Ga hanyoyi uku da ake bi a rage kuɗin:

1. Kayan kasuwa. A 1994, sakataren tsaron Amurka William Perry ya umarci sojoji su riƙa amfani da kayan da ake sayar wa kowa, muddin za su yi aikin.

2. Rediyon manhaja, wato SDR. Akwati ɗaya yana aikin rediyoyi da dama. Idan buƙata ta canza, manhajar ake sabuntawa, kamar dai a waya.

3. Mahaɗi iri ɗaya. Kamar cajar USB-C, ana iya cire kyamarar wani kamfani a sa ta wani.

Wannan sauƙin ne ke ba ƙasashe irin Najeriya damar haɗa nasu jirgin marar matuƙi, kamar Tsaigumi da aka ƙaddamar a Kaduna a 2018.

Amma fa dole kayan su jure zafi, ƙura, girgiza da masu toshe sigina. Sannan arahar ba ta zaɓen mai saye: 'yan bindiga ma suna iya shiga kasuwar.