Darasin Mako: Mai Shirya Wasan Kiɗa da Farkon Sayar da Wasa ta Intanet

Darasinmu na wannan mako ya haɗa fanni biyu da muke yi a aji, wato nazarin kasuwanci da kwamfuta. Za mu duba wata sana'a da ba a cika maganarta ba, sana'ar mai shirya wasan kiɗa, wanda wasu ke kira furomota. Daga nan za mu ga abin da ya faru da masu wannan sana'a a Amurka lokacin da suka fara watsa wasa ta intanet, suna neman hanyar da za su karɓi kuɗi.

Mai shirya wasa ba ya waƙa, ba ya kiɗa. Shi ne yake kama hayar zaure, ya yi ciniki da makaɗi, ya ɗauko lasifika da fitilu, ya buga tikiti, ya yi talla, ya biya masu gadin ƙofa. Yawancin wannan kuɗin yana fita daga aljihunsa tun kafin mutum ɗaya ya sayi tikiti. Idan an yi ruwa a daren, ko wani biki ya janye jama'a, makaɗi zai karɓi kuɗinsa ya tafi gida, asara kuwa ta mai shirya wasa ce.

Bari mu yi lissafi da misalin da muka ƙirƙira don darasi. A ce zaure yana cin mutum 500, tikiti kuma naira 2,000 ne. In zaure ya cika, an sami naira 1,000,000. To a ce hayar zaure 200,000, makaɗi da yaransa 400,000, kayan sauti da janareta 150,000, talla da masu gadi 100,000. Jimilla 850,000 ke nan. Ribar ba ta wuce 150,000 ba, kuma sai in babu kujera ko ɗaya da ta rage. Idan mutum 300 kaɗai suka zo, an sami 600,000, an yi asarar 250,000. Sai ya sayar da tikiti 425 kafin ya mayar da uwar kuɗinsa. Ku lura da wani abu: asara tana iya yin yawa ƙwarai, amma riba tana da iyaka, domin bango ba ya matsawa. Ko da mutum 5,000 suna son shiga, 500 ɗin nan ne kawai za su zauna. Ku riƙe wannan, domin shi ne dalilin da ya sa intanet ta ja hankalin masu wannan sana'a.

Mutumin da muka zaɓa a matsayin misali shi ne Michael Dorf. Ya taso a garin Milwaukee da ke jihar Wisconsin a Amurka. Ya fara karatun lauya, amma ya bari, domin hankalinsa yana kan wata ƙungiyar makaɗa ta abokansa mai suna Swamp Thing, wadda yake nema wa kasuwa. Ya koma birnin New York, kuma a shekarar 1987 shi da abokansa suka buɗe wani ɗan ƙaramin wuri a titin Houston, suka sa masa suna Knitting Factory. Ma'anar sunan ita ce masana'antar saƙa, alhali kuwa ba a saƙa ko safa ɗaya a ciki.

Dabararsa ita ce ya buɗe ƙofa ga makaɗan da manyan zauruka ba sa so, masu kiɗan jaz da sauran kiɗa na gwaji wanda ba kowane kunne yake ɗauka ba. John Zorn, mai busa saksofon, yana cikin waɗanda suka riƙa wasa a can. Tun da wuri Dorf ya gane matsalar bango. Saboda haka ya fara ɗaukar wasannin da ake yi a wurinsa yana fitar da su a faifai, yana aika su gidajen rediyo, yana kuma kai makaɗan yawon wasa ƙasashen Turai. Ya shirya wani biki na shekara-shekara da ya yi gogayya da babban bikin jaz na birnin. A 1994 ya koma wani gini mafi girma a titin Leonard, a unguwar Tribeca.

A daidai wannan lokaci ne kiɗa ya fara leƙa intanet. A watan Yuni na 1993 wata ƙungiya mai suna Severe Tire Damage, wadda membobinta masana kwamfuta ne, ta yi wasa a cibiyar bincike ta Xerox PARC a Kalifoniya, aka watsa shi kai tsaye. Ita ake ɗauka a matsayin ta farko. A watan Nuwamba na 1994 ƙungiyar Rolling Stones ta watsa kimanin minti 20 na wasanta daga birnin Dallas. Duka biyun sun bi ta wata hanya da ake kira MBone, wadda galibi jami'o'i da cibiyoyin bincike ne suke da ita. Mutumin da yake zaune a gida bai ga komai ba.

Me ya hana shi gani? A nan darasin kwamfuta ya shigo. A wancan zamani ana shiga intanet ne ta layin tarho na gida, da wata na'ura mai suna modem. In kana intanet, wanda ya kira gidanku ba zai samu ba. Modem mai kyau a tsakiyar shekarun 1990 yana ɗaukar kilobit 28.8 a daƙiƙa ɗaya. Waƙa mai tsawon minti 4 takan kai megabait 4, wato kilobit 32,000. Ku raba 32,000 da 28.8, za ku sami daƙiƙa 1,111, wato fiye da minti 18. Ashe waƙar minti 4 tana bukatar minti 18 kafin ta iso! Yaya za a yi a saurari wasa kai tsaye a haka?

A 1995 wani kamfani a birnin Seattle ya fito da manhajar RealAudio. Abin da take yi shi ne ta matse sauti, ta zubar da wani ɓangare nasa, har ya yi ƙanƙantar da zai bi ta layin tarho, mutum yana ji tun yana kan isowa. Sai dai sautin ya zama kamar na tsohuwar rediyo da batirinta ya yi sanyi. Da hoto mai motsi ya zo a 1997, ɗan ƙarami ne a kusurwar allo, yana tafiya yana tsayawa.

Duk da haka Dorf ya faɗa ciki da ƙarfinsa. A 1995 shi da wani mai shirya wasa, Andrew Rasiej na zauren Irving Plaza, suka shirya bikin kiɗa a gidajen wasa da dama na New York, aka haɗa shi da intanet. Kamfanin Apple ne ya ɗauki nauyi, shi ya sa aka kira shi Macintosh New York Music Festival. Daga baya kamfanin Intel ya karɓa. Su biyun kuma suka kafa Digital Club Network, wanda ya kafa kyamarori a ƙananan gidajen wasa don a watsa wasanni a kuma adana su. Tunaninsu shi ne, a cikin ƙananan makaɗan nan wani zai shahara wata rana, kuma hoton wasansa na farko zai yi daraja.

To amma wa zai biya? Ku duba sunan bikin da kyau. Sunan kamfanin kwamfuta ne a kai, domin kamfanin ne ya biya, masu kallo ba su biya ba. Apple da Intel suna son mutane su ji sha'awar sayen sabuwar kwamfuta, kiɗan kuma ya zame musu talla. Mutane ba su yarda su ba da kuɗi a kan sauti mai shaƙewa ba, kuma da yawa suna tsoron rubuta lambar katin bankinsu a intanet.

Akwai kuma wata matsala wadda mu a kulob muke ganin ta fi kowace ban sha'awa. Gidan rediyo in ya watsa shiri, ko mutum 10 ne suke ji ko miliyan 10, kuɗin da ya kashe ɗaya ne. A intanet ba haka abin yake ba. Kowane mai sauraro sai an aika masa nasa sautin daban, kuma kowane aike kuɗi ne. Wato in wasanka na kyauta ya yi farin jini, kuɗin da za ka kashe ne yake ƙaruwa. An rushe bangon zaure, amma kowace sabuwar kujera sai mai shirya wasa ya saye ta.

Shi ya sa manyan wasannin intanet na lokacin manyan kamfanoni ne suka ɗauke su. A watan Nuwamba na 2000 Madonna ta yi wasa a zauren Brixton Academy a Landan, a gaban 'yan dubbai kaɗan. MSN na kamfanin Microsoft ya watsa shi, ya kuma ce mutum miliyan 9 suka kalla. Kyauta suka kalla.

Waɗanda suka fara iya karɓar kuɗi su ne mawaƙan da suke da masoya na gani-kashe-ni. A 1998 David Bowie na Ingila ya buɗe BowieNet, inda mutum zai biya dala 19.95 a wata ya sami hanyar shiga intanet tare da waƙoƙi, hotuna da hira da mawaƙin. A 2001 Prince ya buɗe NPG Music Club, inda babban memba yake biyan dala 100 a shekara ya sami sababbin waƙoƙi da kujerun gaba a wurin wasa. A ganinmu abin da waɗannan mutane suka saya shi ne kusanci da gwaninsu. Wannan bai yi nisa da abin da muka sani a ƙasar Hausa ba, inda masoyi yake yi wa makaɗi liƙi ko ya ba shi babbar riga, ba don an tsare shi a ƙofa an ce sai ya biya ba.

Ana cikin haka sai Napster ya ɓullo a 1999. Wani ɗalibi mai suna Shawn Fanning ne ya rubuta manhajar, kuma da ita mutane suka riƙa kwasar waƙoƙi daga kwamfutocin juna ba tare da biyan ko sisi ba. Kotu ta sa aka dakatar da shi a 2001, amma miliyoyin matasa sun riga sun saba da cewa waƙa a intanet kyauta ce. Wanda ya saba da kyauta kuwa, da wuya ka ce masa kawo kuɗi.

Shi Dorf fa? A ƙarshen shekarun 1990 masu zuba jari suna ta rububin duk wani kamfani da ya ambaci intanet. Ya karɓi kuɗinsu, ya faɗaɗa kamfaninsa da sunan KnitMedia, ya buɗe reshe a Hollywood a 2000. A wannan shekarar ce darajar hannun jarin kamfanonin intanet ta fara rugujewa, kuɗi ya ƙafe. Sai kuma harin 11 ga Satumba, 2001 ya auku ba nisa da titin Leonard, aka rufe unguwar na wani lokaci. Wanda ya karɓi jarin mutane ya ba su iko a kan kayansa. Ba a daɗe ba Dorf ya rabu da wurin da ya kafa da hannunsa. Wani abin da zai ba ku sha'awa: bayan tafiyarsa, kamfanin faifai na Knitting Factory ne ya sake fitar da tsofaffin faya-fayan Fela Kuti na Legas a Amurka.

A ƙarshen 2008 Dorf ya buɗe sabon wuri mai suna City Winery. Wuri ne da ake sayar da giyar inabi, don haka ba wurin zuwanmu ba ne, kasuwancin kawai muke dubawa. Mutumin da ya yi shekaru yana ƙoƙarin kai wasa cikin kwamfuta ya dawo yana sayar da kujera da tebur da abinci, a gaban makaɗi da ake gani ido da ido, abin da ba a iya kwafa a tura wa aboki.

A hankali dai biyan kuɗi ya samu gindin zama, bayan layukan intanet masu sauri sun shiga gidaje. A 2003 Apple ya buɗe shagon iTunes, waƙa ɗaya santi 99. Spotify ya fara a Suwidin a 2008, bai iso Nijeriya ba sai 2021. Sayar da tikitin wasa kai tsaye kuwa sai a 2020 ya bunƙasa, lokacin da annobar korona ta rufe zauruka a duniya. A watan Yuni na shekarar, ƙungiyar BTS ta Koriya ta Kudu ta yi wasa ta intanet, kimanin mutum 756,000 suka saya suka kalla. Shekara 25 ke nan bayan bikin da Dorf da Rasiej suka shirya.

Mu a nan mun san yadda waƙa take zuwa wayar yayyenmu. Wani ya je wurin masu turi a bakin kasuwa a cika masa memori, wani a tura masa ta Bluetooth ko Xender, wani ya sayi data ya kalla a YouTube. A cikin waɗannan hanyoyi, mai turi ya samu, kamfanin waya ya samu, amma ta YouTube ce kaɗai wani abu yake iya komawa ga mai waƙar, daga kuɗin talla. Shi ya sa har yanzu mawaƙan Hausa da yawa suka fi dogara da wasan biki, gala da wasan Sallah.

Ga aikin wannan mako. Ku koma kan zaurenmu mai cin mutum 500, wanda aka kashe wa naira 850,000. A ce mutum 300 ne suka zo, amma mai shirya wasa ya ƙara kashe 120,000 a kan kyamara da data, yana sayar da tikitin kallo ta waya a kan naira 500. Tikitin waya nawa zai sayar kafin ya mayar da uwar kuɗinsa? Ku rubuta amsa da sunanku da ajinku, ku jefa a akwatin kulob kafin ranar Alhamis.