Abin Da Ke Cinye Haƙori

A ƙauyukan Bici, in haƙori ya yi rami, akan ce tsutsa ce ta shiga. Amma babu tsutsa a cikin haƙori. Masu ɓarnar sun fi tsutsa ƙanƙanta ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Su ne ƙwayoyin cuta na baki.

1. Yadda aka gane su

A 1683 wani mutumin Holan, Leeuwenhoek, ya kankaro dauɗar haƙoransa, ya duba ta da madubi mai girmama abu, sai ya ga 'yan halittu suna motsi. A 1890 Miller, likitan haƙori Ba'amurke mai aiki a Jamus, ya nuna su ne su ke juya abinci ya zama tsami, tsamin kuwa ya ci haƙori. A 1954 aka yi kiwon ɓeraye a Amurka inda ƙwayar cuta ba ta kai gare su. Aka ba su abinci mai sukari, haƙoransu ba su ruɓe ba. Ashe sukari shi kaɗai ba ya rami, sai ya sami ƙwayoyin nan.

2. Yadda su ke aiki

Ku tuna da madara. In ta kwana a ƙwarya, ƙwayoyi sukan juya zaƙinta ya zama tsami. Irin wannan tsami ne a ke yi a bakinmu. Ƙwayoyin sukan manne a jikin haƙori cikin wata farar dauɗa mai yauƙi. Da zarar sukari ya shiga baki, cikin 'yan mintoci sun fara zuba tsami, shi kuwa yana narkar da ɓawon haƙori kamar yadda ruwan damina ya ke zaizaye ginin ƙasa. Miyau shi ne mai yaɓe. Yana wanke tsamin, yana mayar wa ɓawon abin da ya rasa, amma yana bukatar rabin sa'a ko fiye. In zaizaya ta fi yaɓe, rami ya buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ramin yakan ci gaba har ya kai jijiya, sa'an nan zogi da kumburi su zo.

3. Sau nawa a rana?

Yaron da ya ke tsotson alewa tun safe har azahar ya fi cutuwa bisa ga wanda ya ci nakiya sau ɗaya bayan tuwo, gama bakinsa ba ya hutawa. Haka kuma shayi mai sukari da lemun kwalba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rage sukari, kada babban mutum ya wuce kamar ƙaramin cokali 12 a rana, 6 ma ya fi kyau.

4. Abin da za mu yi

A goge haƙori sau 2 a rana da buroshi da man goge baki mai fuloraid, tun ba da dare ba, gama miyau yana raguwa cikin barci. Mai aswaki ya bi kowane haƙori ciki da waje. Uwa kada ta tauna abinci ta ba jariri, don ta haka ƙwayoyin su ke ƙaura zuwa bakinsa. Kada a raina haƙoran yara 20 na fari, su ne su ke riƙe wa na manya wuri. Kada a ɗiga ruwan batir a rami, yana ƙone dasashi. A je asibiti tun ramin yana ƙarami, a cike shi. Wanda ya jira kumburi, sau da yawa sai cirewa.

Tambayoyi

1. Waɗanne abu biyu ne su ke haɗuwa kafin haƙori ya ruɓe?
2. Mene ne aikin miyau?
3. Sau nawa yaran gidanku su ke shan zaƙi a rana? Ku ƙidaya gobe.