DARASI: HALACCIN KIFI BAI HALATTA ƁARNAR RUWA BA

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halittu. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samari, wani matashi ya tare ni bayan karatu, ya ce: "Malam, ai mun ji cewa mushen ruwa halal ne. To, in mutum ya zuba magani a kududdufi kifi ya taso ya kwashe, ina laifinsa?" Wannan tambaya ita ce asalin darasin nan. Amsarta a taƙaice ita ce: halaccin cin kifi daban, halaccin hanyar kama shi daban. Ai naman rago halal ne, amma wannan bai halatta satar rago ba.

Ina ruwanmu da maganar su?

Wani zai ce mu mutanen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ba mu da kogi, ina ruwanmu? Da ruwanmu ƙwarai. Bandar da ake kasawa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba daga sama ta faɗo ba. Wata daga kogin Haɗejia da fadamun Nguru take, wata daga Tafkin Chadi. Mu ne masu saye, a cikinmu akwai fatake, kuma samarinmu suna zuwa cin rani bakin ruwa. Masunci yana kama abin da ya san za a saya ne.

Halin da ruwan yake ciki

Ku sani ruwan ya ragu. A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980 ya koma bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. A nan kusa da mu, an gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, sai ambaliyar da take cika fadamun Haɗejia ta sauya, kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. To, a cikin wannan ambaliya kifi yake haihuwa. Tarwaɗa tana bin sabon ruwa ta shiga fadama ta yi ƙwai. Bargi yana yin sheƙa a cikin ciyawa. Karfasa kuwa, macen a bakinta take riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe. Wanda ya kama ta a wannan hali ba kifi ɗaya ya kama ba.

Ruwa ya ragu, masunta sun ƙaru, bakunan ci sun ƙaru. Maimakon a sassauta, sai aka ƙara matsawa ta hanyoyi uku.

Na ɗaya, taru mai ƙananan idanu. Har gidan sauron da aka raba don kare mata da yara daga zazzaɓi wasu sun mai da shi taru. Ba ya barin komai, har ɗan kifin da bai kai tsawon yatsa ba.

Na biyu, dumba, wato a jera tarkuna a datse bakin ruwa daga wannan gaɓa zuwa waccan, kifin da zai shiga fadama ya haihu ya rasa hanya, na ƙasa da kai kuma su rasa rabonsu.

Na uku, wanda ya fi muni, zuba guba irin su Gamalin 20, maganin ƙwarin gona. Yana kashe babba da ƙarami da ƙwai. Shanu su sha ruwan, mutane su sha, sa'an nan a banda kifin a kawo wa Musulmi kasuwa ba tare da an faɗa masa ba. Ɓarna ke nan, ga cutarwa, ga algus.

Abin da Shari'a ta nuna

A Suratun Nahli, aya ta 14, Allah Ya ambaci hore mana teku da ɗanyen naman cikinta a jerin ni'imominSa. Ni'ima kuwa godiya take bukata. A Suratul A'arafi, aya ta 31, an hana israfi a ci da sha. A Suratur Rum, aya ta 41, an danganta ɓarnar tudu da ta ruwa ga aikin hannun mutane. Ku lura, ba a ce aikin aljanu ba. Masu cewa iskokin ruwa ne suka yi fushi, a je a yi musu yanka kifi ya dawo, sun haɗa ɓata biyu: shirka, da kauda kai daga laifin hannunsu.

Ku duba kuma ƙissar mutanen bakin teku a Suratul A'arafi, daga aya ta 163. An hana su su ranar Asabar. Malaman tafsiri sun ce sai suka yi dabara, su kafa tarko kafin ranar, su kwashe bayanta. Hukuncin Asabar ba namu ba ne, amma izinar tamu ce: kwaɗayi da wayo wajen kauce wa iyaka halaka ne.

Dokar hukuma fa?

Wasu samari suna cewa dokar gwamnati ba ta hau kansu ba. Wannan kuskure ne a nan. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'i, Sayyidina Umar ya keɓe ta Rabaza, don maslahar jama'a. Shugaba yana da ikon taƙaita abin da yake na kowa idan barinsa sake zai cutar da kowa. Nijeriya tana da dokar kamun kifi a ruwan cikin ƙasa, mai lamba 108 ta 1992. Ta hana guba da nakiya da lantarki, ta hana taru mai idon da bai kai milimita 76 ba, wato wajen inci 3, sai abin da ta keɓe. A ciki wane ne ya saɓa wa Shari'a? Babu.

Ku dubi misali biyu. A Argungu ana hana su a Matan Fada har ranar biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da mutum ɗaya ba ya ɗaga shi cikin sauƙi. A gabashin Kanada kuwa akwai wani kifin teku da aka yi kusan shekara 500 ana kamawa, ana ganin ba ya ƙarewa. Manyan jirage suka share shi. A 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a. Sai a 2024 aka sake buɗewa, shi ma kaɗan. Idan teku ta ƙare, ina ga fadamar Haɗejia?

Abin da ya hau kanmu

1. Mai zuwa su: ya nisanci guba da gidan sauro da dumba, ya mayar da ƙananan kifi ruwa, ya kiyaye lokacin da sarkin ruwa ko hukuma suka rufe.

2. Falke da dillali: kada su saya daga wanda suka san mai zuba magani ne. Taimakekeniya ce a kan zunubi.

3. Mai cefane: in an miƙo maka tulin 'ya'yan kifi saboda arha, ka wuce. Kasuwa ta juya musu baya, tarun zai koma rataye.

4. Mai riƙe da doka, daga sarkin ruwa har ma'aikaci: amana ce a wuyansa. Wanda ya karɓi na goro ya kauda kai, rashawa ya ci, ya kuma ci haƙƙin 'ya'yan da ba a haifa ba.

Na san talauci gaskiya ne, kuma mai iyali ba ya jin daɗin a ce ya dakata. Amma manomin da ya cinye irinsa da rani, me zai shuka da damina? Ɗan kifin nan shi ne irin masunci. Arziki na Allah ne, ba a nemansa da saɓonSa.

Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare hannayenmu daga ɓarna, Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.